Wayar ruwan ƙasa

A wani ƙauye na tsakiyar Ingila akwai wani malamin makaranta da ya kai shekara hamsin bai taɓa canja ko da man injin motarsa da hannunsa ba. Shi ne kuma ya kwashi kuɗin da ya daɗe yana tarawa ya sayi motar da ba ta gama zama mota ba: ƙashin ƙarfe bisa tayoyi huɗu, inji a zaune ba a haɗa shi da komi ba, sai kwalaye cike da kusoshi, wayoyi da bututu. Matar wani mamaci ce ta sayar masa. Mijinta ya share shekara shida yana harhaɗa ta kafin ajali ya riske shi.

Irin wannan mota tana da asali. A 1957 Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, ƴar ƙarama mai kujera biyu, marar ƙofa, wadda saurinta ya dogara ga rashin nauyi. Ana sayar da ita gunduwa-gunduwa, saboda harajin saye na lokacin ba ya hawa kan motar da mutum ya haɗa da kansa. Sai dai doka ta hana a ba mai saye takardar koyar da haɗawa. Ana ba da labarin cewa kamfanin ya buga takardar yadda ake kwance motar, ya bar wa mai saye ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. A 1973 Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, daga baya masu kwaikwayo suka yawaita. Ta malamin ɗaya ce daga cikin kwaikwayon, an ɗauko mata inji, sitiyari da birki daga tsohuwar Ford Sierra.

Duk wanda ya san aikin ya ba shi shawara guda: ya kwance komi, ya faro daga tushe. Ya ƙi. A ganinsa warware aikin shekara shida cin fuskar mamaci ne, ga shi kuma mutumin ya bar bayani: a jikin kusan kowace waya da kowane bututu akwai ƴar takarda manne, da gajerun haruffa na rubutun hannunsa. Duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban bayanan harshen da mai magana da shi na ƙarshe ya rasu zai gane halin da malamin ya shiga. Rubutu na nan, amma babu wanda za a tambaya. Ya sayi littafi ya shiga jera alamomin, yana lura da inda kowace take maimaituwa. Ya ga ɗigon jan fenti a kan wasu notuna, ya fassara shi da “an ɗaure”. Sai da ya yi wata biyu a kan wannan fassara kafin ya sa hannu ya ji uku daga cikinsu suna juyawa da yatsa. Ashe ɗigon yana nufin “na wucin gadi”.

Wannan bai kai abin da wayoyi suka yi masa ba. A tsarin launuka na motocin Ingila, waya mai ruwan ƙasa ita ce mai ɗauko wuta kai tsaye daga batir, ba tare da fis ba, baƙa kuwa ita ce ta mas, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. A tsarin Jamus, wanda wayoyin Sierra suke bi, mai ruwan ƙasa ita ce ta mas. Damin wayoyin da ya zo da motar na tsarin Ingila ne, makunnan da ke jikin sitiyari na Ford ne. Malamin ya ga ruwan ƙasa a nan, ruwan ƙasa a can, ya haɗa su, kamar yadda hankali zai raya wa kowa. Yana sa kan batir hayaƙi ya tashi, roba ta narke har ƙarƙashin allon gaba. Allah ya taimake shi bai riga ya ɗaure kan batir ɗin ba, ya fizge shi.

Saussure ya daɗe da koyar da cewa babu wata alaƙa ta dole tsakanin alama da abin da take nufi, kuma ƙimarta daga tsarin da take ciki take fitowa. A aji maganar tana da daɗin haddacewa. A garaji warin roba gare ta. Bahaushe ma zai fi saurin faɗawa tarkon, tunda sunan launin a bakinsa yana ɗauke da kalmar ƙasa, sai ya ɗauka ma'anar Jamus ce halitta.

Bayan wannan gobara da ba ta kai ga ci ba ne ya sauko, ya fara kwancewa. A nan ya tarar da abin da ya hana shi barci. Mahaɗan bututun birki iri biyu ne: na ma'aunin inci, mai kaurin 3/8 da zare 24 a kowane inci, da na ma'aunin mita, mai kaurin milimita 10 da tazarar zare milimita 1. Bambancin kaurinsu bai kai rabin milimita ba. Na incin yana shiga ramin na mita, yana juyawa, har ya yi kamar ya kama. Sai ranar da aka taka birki da ƙarfi zaren ya iya sakewa. Irin kalmomin nan ne na Faransanci da Ingilishi masu kama ɗaya da ma'ana dabam, waɗanda ke kunyata mai fassara. A birkin baya, mamacin ya yi wannan kuskure a wuri biyu, kuma babu jan ɗigo a kansu. Shi ma ya ɗauka ya gama. Kujerar gefe kuwa malamin ya riga ya yi wa ƴarsa alkawarinta.

Daga ranar ya daina karanta takardun a matsayin hujja, ya koma auna kowane zare da ma'auni. Bai zubar da su ba; ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya ya adana a gwangwanin shayi, ya manna nasa a gurbinsu, da cikakkun jimloli da kwanan wata, saboda wanda zai iya gadon motar.

Shekara biyu da rabi ya ɗauka. A Birtaniya motar da aka haɗa a gida ba ta hawa titi sai ta ci jarrabawar hukuma da ake kira IVA, inda ake gwada birki, hayaƙi da ƙara, har da kaifin gefuna: duk abin da ya fito a jikin mota dole gefensa ya kasance da lanƙwasar da ta kai milimita 2.5. Birkinsa ya ci. Abin da ya kayar da shi kan wani noti ne a ƙafar gaba, wanda ya manta bai rufe da hular roba ba. Ya ɗora motar a tirela ya koma gida, ya nemi ranar sake gwaji, sannan ya buga wa matar mamacin waya ya shaida mata cewa injin mijinta ya tashi.