Abhimaan: Mijin da Ya Yi Hassadar Muryar Matarsa



A cikin finafinan Indiya na zamanin da iyayenmu ke tururuwa zuwa gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos, tun kafin bidiyo ya shiga ɗakunan mutane, akwai guda ɗaya wanda, ko da yake babu dambe a cikinsa, babu tseren mota, babu 'yan'uwan da suka ɓace suna yara suka haɗu da girma, ya fi da yawa daga cikinsu zama a zuciyata, watau Abhimaan, wanda Hrishikesh Mukherjee ya ba da umarninsa a shekarar 1973.

Labarinsa kuwa gajere ne. Subir, wanda Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa, mawaƙi ne da tauraronsa ke haskawa a birnin Bombai, masu shirya fim na layi a ƙofarsa, 'yan mata na damunsa da waya. Ya tafi ƙauye gaishe da gwaggon da ta rene shi, sai ya ji muryar wata yarinya mai suna Uma, wadda mahaifinta ya karantar da ita ilmin waƙa na asali bisa ƙa'idojinsa, ba don neman kuɗi ko suna ba. Ya aure ta, ya kawo ta birni, kuma shi da bakinsa ya matsa mata ta riƙa waƙa tare da shi, alhali ita ba ta nema ba. Tun a daren walimarsu wani dattijo masanin waƙa, da ya ji su tare, ya fahimci cewa baiwar amarya ta ɗara ta ango, ya kuma ji tsoron abin da hakan zai haifar.

Abin da ya sa nake girmama wannan fim shi ne yadda ya bi ciwon Subir sannu a hankali, daki daki, ba tare da ya mai da shi azzalumin da mai kallo zai tsana ya huta ba. Domin kuwa da farko murna yake yi da nasarar matarsa, har ranar da mai ɗaukar hoto ya roƙe shi ya ɗan matsa gefe a ɗauke ta ita kaɗai, da ranar da masoya suka bar shi tsaye suka yanyame ta suna neman sa hannunta, da ranar da ya ji cewa ladan da ake ba ta ya wuce nasa, sa'an nan ne fuskarsa ta fara sauyawa, maganarsa ta koma gatse, ya koma ga kwalba, ya riƙa kwana a waje. Uma ba ta yi masa laifin kome ba, shi ma ya san haka, kuma sanin nan shi ne ya ƙara masa azaba.

Imamu Gazali, a babin da ya yi kan fushi da ƙullata da hassada cikin Ihya'u Ulumiddin, ya bayyana cewa hassada ta fi yawa tsakanin tsarori da makusanta da masu sana'a ɗaya, saboda su ne buƙatunsu ke karo da juna. To, ina makusancin da ya kai mata ga mijinta, balle kuma sana'arsu ɗaya, makirfonsu ɗaya? Mu Hausawa mukan ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma gaskiya ne idan mahassadin yana waje; amma idan shi ne wanda ake dafa wa abinci, ake jira ya dawo da dare, to, lalle ba taki ba ce, domin Uma ba ta ƙaru da kome ba face baƙin ciki. Ta koma gidan mahaifinta da juna biyu, ta rasa abin da ke cikinta, ta shiga wani hali na ɗimuwa wanda ko kuka ba ta iya yi.

Jaya Bhaduri ce ta fito a matsayin Uma, kuma a ganina ita ce ginshiƙin fim ɗin, saboda mafi yawan abin da ta isar da idanu ta isar da shi, da sunkuyar da kai, da shirun macen da ta ga ni'imar da Allah Ya ba ta ta zama fitina a ɗakinta. Ta sami lambar Filmfare ta gwarzuwar 'yar wasa a kansa, kamar yadda S. D. Burman ya sami ta kiɗa. Lata Mangeshkar ce ta rera dukan waƙoƙin Uma, shi kuwa Subir aka raba nasa tsakanin Kishore Kumar da Mohammed Rafi da Manhar Udhas. Wani abin lura kuma, a lokacin da ake ɗaukar fim ɗin Jaya ta riga Amitabh yin suna tun daga fim ɗin Guddi na 1971, shi ko sai da fim ɗin Zanjeer ya fito a 1973 sa'an nan ƙofa ta buɗe masa; a cikin wannan shekarar ce kuma suka yi aure, makonni kaɗan kafin Abhimaan ya fito.

Sai dai akwai inda ban gamsu ba, kuma ba zan ɓoye ba. A ƙarshe an kawo Uma gaban jama'a, Subir ya hau dandamali ya rera waƙar da suka taɓa yi wa begen samun ɗa, ta fashe da kuka, muryarta ta dawo, suka fita tare ana tafi. Wurin yana sa hawaye, na yarda. Amma idan aka ɗora al'amarin bisa mizanin adalci, za a ga ita ta biya da ɗanta da lafiyarta, shi kuwa ya biya da nadama da waƙa guda, kuma ba a nuna mana abin da zai faru ba ranar da za a sake ce masa ya matsa gefe. Malamai sun ce daga sharuɗɗan tuba akwai ƙudurin rashin komawa da mayar da haƙƙi ga mai shi, fim ɗin kuwa ya tsaya ne a kan nadama kaɗai.

Wannan ba matsalar mawaƙa ce kaɗai ba. Akwai malamar makaranta da aka ƙara wa girma, da marubuciyar da littafinta ya karɓu, da mai sana'ar cikin gida da cinikinta ya haɓaka, waɗanda suka koyi ɓoye farin cikinsu idan maigida ya shigo. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana maza musamman, wanda bai taɓa kallon Abhimaan ba ya neme shi, wanda ya kalla da daɗewa ya sake, kuma idan da hali ya zauna ya kalla tare da iyalinsa. Ku kuma iyayenmu mata da 'yan'uwa mata, ina son in ji daga gare ku ko kun yarda da yadda aka ƙare labarin Uma.