Tsufan Ɗan Toka

 Na san wasu za su yi murmushi idan suka ga magidanci mai furfura ya ɗauki alƙalami don ya ba da labarin zomo, alhali ga manyan al'amuran iyali jibge suna jiran mai magana. Ina roƙon a yi mini uzuri, a bi ni sannu zuwa ƙarshe.

A watan Oktoba na shekarar 2015, ranar da aka kai autata lakwal, ta riƙe zanen uwarta tana kuka, ta ce ba inda za ta. Don in lallashe ta na yi mata alkawarin zomo, washegari kuwa na biya kasuwar Dole, a nan Damagaram, na sayo wani ɗan ƙarami mai launin toka. Niyyata a lokacin ba ɓoyayya ba ce: a kiwata shi ya yi ƙiba, in salla ta zo a sa shi a tukunya. Sai yarinyar ta raɗa masa suna Ɗan Toka. Duk mai ƴaƴa ya san abin da yaro ya sa wa suna, wuƙa ba ta hawa wuyansa da sauƙi. Salla ta zo ta wuce, wata ta biyo, Ɗan Toka yana nan yana zagaya tsakar gida, yana haye turmin da aka kife, yana satar ganyen salati daga faifan uwargida. Haka muka shekara 8 tare.

Da hunturun ƙarshen shekarar 2023 abubuwa suka sake. Ya daina hawa turmi. Gashinsa da ke sheƙi ya cukurkuɗe, bayansa kullum a ɓace da kashi da fitsari, har wari ya fara tashi daga akurkinsa. Yakan takure wuri guda, ya ƙanƙance idanu, wani lokaci a ji yana cizon haƙora ƙaras-ƙaras. Ran nan yarinyar ta zo ɗaukarsa kamar yadda ta saba, ya gantsara mata cizo a yatsa, abin da bai taɓa yi ba. Ni dai hukuncin da na yanke shi ne tsufa ya sa shi ƙazanta da baƙin hali. Da dare muna cin tuwo na ce gobe a kira yaron maƙwabta ya yanka shi, a huta.

Yarinyar ta tsame hannunta daga kwano, ba ta ce uffan ba. Mahaifiyata ce ta yi magana, tana zaune a kan tabarmarta can gefe. Ba ta kama sunana, don ni ne ɗanta na fari. Ta ce: "Kai wannan, laifin me ya yi?" Na ce: "Inna, ya tsufa, ba ya iya gyara jikinsa, ga shi ya fara cizo." Ta ce: "To, in an gama da shi sai a biyo ta kaina." Aka yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta juya wajen jikarta ta ce: "Share hawayenki, kishiya. Dabbar nan ba mugunta gare ta ba, ciwo take ji. Ku dubi fuskarta."

Kunya ce ta kai ni wurin likitan dabbobi, ba tausayi ba, gaskiya ɗaya ce. Na sa zomon a kwali na ɗaure a bayan babur. Masu awaki da tumaki da ke jira suka yi ta zolayata, wani ya ce: "Mushe, kuɗin maganin ai ya sayi sababbi uku." Likitan, wani saurayi mai natsuwa, ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya tallabo ƙirjin zomon da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙarƙashin ɗuwawunsa. Ya ce kada in ƙara bari a ɗauke shi ta kunne kamar yadda muka gada, domin ƙashin zomo marar nauyi ne, ƙafafunsa na baya kuwa masu ƙarfi, in ya yi harbi yana reto yana iya karya gadon bayansa da kansa. Ya bi ƙashin bayan da yatsa, ya lanƙwasa gwiwoyin a hankali, ya leƙa kunne da baki. Sa'an nan ya ce amosanin gaɓɓai ne: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye, ƙashi na gugar ƙashi.

Bayanin da ya biyo baya shi ne abin da ya sa nake wannan rubutu. Ya ce zomon gida, in ya sami kula, yana kai shekara 8 zuwa 12, mu ne dai ba mu barinsa ya kai, shi ya sa ba mu san tsufansa ba. Ya ce zomo a daji abincin kowa ne, shaho da dila da maciji duk shi suke nema, kuma wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Saboda haka an halicce shi da ɓoye ciwo. Kare yana kuka, akuya tana ihu, zomo kuwa shiru yake yi. Kafin mai shi ya lura, ciwon ya daɗe yana cinsa.

Duk abin da na kira ƙazanta, likitan ya fassara mini shi ɗaya bayan ɗaya. Zomo kashi iri biyu yake yi: busasshen da muke sharewa, da wani mai laushi wanda yake lanƙwasawa ya cinye daga jikinsa, galibi da dare ko da asuba, don akwai abin gina jiki a ciki. In baya ya ƙage, ba ya iya kai bakinsa can, sai kashin ya manne a gashi. Ba ya iya ɗaga ƙugu in zai yi fitsari, sai fitsarin ya jiƙa cinyoyinsa ya ƙone fata. Ba ya iya sosa kunne da ƙafar baya, sai dauɗa ta taru. Cizon haƙora mai ƙarfi alamar azaba ce, ya bambanta da ɗan motsin haƙora mai taushi da yake yi in ana shafa shi. Cizon da ya yi wa yarinyar kuwa, ta kama shi ne daidai inda ke masa zogi.

Ya ƙara da cewa a shekarar 2012 wasu masana na jami'ar Niyukasil ta Ingila sun fitar da ma'aunin gane ciwon zomo ta fuskarsa, mai alamu 5: ƙanƙancewar ido, shafewar kumatu, tsukewar hanci, sandarewar gashin baki, da kwantar da kunnuwa baya. Na tuna maganar Inna ta daren jiya. Ita ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta riga ta faɗa. Hausawa ma sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Likitan bai ruɗe ni ba. Ya ce abin da ya zaizaye ba ya komawa, iyaka a rage zafi a sauƙaƙa masa rayuwa. Ya auna nauyinsa, ya rubuta wani maganin ruwa mai suna meloksikam, ana ɗiga masa a gefen baki da sirinji marar allura, gwargwadon nauyin jikinsa. Ya gargaɗe ni cewa maganin yana iya taɓa ƙoda da ciki, don haka kada a ba shi in ba ya ci ko ba ya shan ruwa, kuma a riƙa komo da shi ana dubawa. Ya ja kunnena ƙwarai a kan magungunan da muke saye a tebur mu ba dabba da ka. Ya ce amoksisilin da danginsa, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin halittar da ke narka masa abinci a hanji, har su kai shi ga mutuwa. Ya ce kuma in zomo ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, kada a jira gobe, domin hanjinsa ba ya son tsayawa.

Sauran aikin a gida aka yi shi, kuma yawancinsa bai ci ko dala ba. Akurkinsa mai daɓen ragar ƙarfe ne, tafin zomo kuwa ba shi da tsoka mai kauri irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai, har ragar ta fara yi masa gyambo. Muka cire ta, muka zuba yashi mai laushi, muka shimfiɗa tsofaffin zannuwa da busasshiyar ciyawa, ana sauyawa kullum. Muka sassare bakin ƙofar don ya shiga ba tare da tsalle ba. Muka matso masa da ruwa cikin kasko mai faɗi. Muka rage dusa da karas don ƙiba tana ƙara wa gaɓɓai kaya, muka yawaita ciyawa da ɗanyen ganye. Ciyawar tana da wani amfanin: haƙoran zomo 28 ne, ba su daina tsiro har ya mutu, tauna ce ke rage su. Kowace safiya, kafin ta tafi koleji, yarinyar takan wanke bayansa kaɗai da ruwa mai ɗumi, ta tsane shi sarai da tsumma, ta taje gashin. Ba a tsoma zomo cikin ruwa gaba ɗaya. Wannan wankin ba na ado ba ne: ƙuda yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, a zafin ƙasarmu kuwa cikin yini guda tsutsa ta fito ta shiga cin nama.

Da sanyi mukan shigar da shi zaure da dare, da hantsi a fito da shi ya sha rana, a bar shi ya ɗan taka don kada gaɓɓan su ƙara ƙagewa. Da bazara ta kama, sai muka koma yaƙi da zafi. Zomo yana fara wahala tun zafi ya haura digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu 40 ma wucewa yake yi. Inna ce ta ba da dabara, ta ce a mayar da shi gindin randa. Can yake miƙewa a kan yashi mai laima, ana shafa masa ruwa a kunnuwa, don ta nan jikinsa ke fitar da zafi.

Bayan kamar mako biyu da fara magani, wata safiya na gan shi ya zauna a kan ƙafafun baya yana wanke fuska da hannuwansa. Turmi dai bai ƙara hawa ba, amma ya koma satar salati.

Yanzu ga inda labarin ya juyo kaina. Da yake an koya mini duban fuska, idona ya buɗe. Wata rana na dawo daga aiki da wuri, na tarar da Inna tana sallar la'asar a zaune. Na tambayi uwargida, ta ce ai ta fi wata shida a haka, kuma ta hana a gaya mini, wai ina da ɗawainiya da yawa. Ni a masallaci nake salla, kullum safe ina durƙusawa in gaishe ta, ta ce lafiya lau, in tashi in tafi. Na zauna na lura da ita kwana biyu. Na ga yadda take cije leɓe kafin ta miƙe, yadda take dafa bango in za ta ƙetare dokin ƙofa, yadda ta rage shan ruwa da yamma don kada ta tashi da dare. Ashe daren da ta ce a biyo ta kanta, ba wasa take yi ba. Na kai zomo wurin likita, uwar da ta haife ni tana ɗaki da irin ciwonsa ban sani ba.

Na durƙusa gabanta na ce: "Inna, don me ba ki faɗa ba?" Ta ce: "Tsufa ai ba ciwo ba ne da za a kai ƙara." Muka kai ta asibiti, aka duba gwiwoyin, aka ba ta nata magani. Muka fasa dokin ƙofar ɗakinta, muka kafa mata ƙarfen dafawa a makewayi, muka sayo kujerar alwala da katifa mai tudu. Ta yi ta faɗa wai ana ɓarnar kuɗi, amma ta koma zuwa barka da gaisuwar makoki a unguwa, abin da ta bari ban ankara ba.

Ba na zargin mai kiwon zomo don nama, halal ne, ni ma na ci. Sai dai abin da ka tsare a gidanka, ba ya iya fita ya nema wa kansa, ya zama amana a wuyanka. Kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, da abin da ya same ta. Mun kuma yi shawara da likitan tun farko cewa ranar da magani ya daina aiki, ya bar ci, ya kasa tashi daga ƙazantarsa, ba za mu riƙe shi cikin azaba don son ranmu ba. Ya kuma tunatar da ni cewa dabbar da ke kan magani ba a cin namanta.

Ba mu kai ga wannan ba. Da daminar shekarar 2025, yana gab da cika shekara 10, yarinyar ta fito da ruwan ɗuminta da safe ta same shi a gindin randa ya miƙe, ganyen da aka ba shi da dare ya cinye rabi. Ta yi kuka, Inna ta rungume ta, ta ce: "Ya isa, kishiya, kin sauke naki." Muka haƙa rami a gindin dalbejiya muka rufe shi.

Roƙona ga magidanta da uwayen gida shi ne, a riƙa zama ana duban waɗanda ba su kuka, dabba ce ko mutum. In tsoho ya ce lafiya lau, a amsa, sa'an nan a tsaya a ga yadda zai tashi daga tabarma. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon kula da waɗanda ke raye, ya sa mu ma mu sami mai duban fuskarmu in namu tsufan ya zo.