Rabin Kwandon Tumatir

Na rubuta rahoto kan farashin tumatir a kasuwar Danja, na ɗora shi a shafina da hotuna shida kai tsaye daga waya, kowanne kusan megabayit biyar. Kawu, wanda don manoma irinsa na yi rubutun, ya kira ni da yamma: "Ɗan nan, datata ta ƙare, rabin kwando kawai na gani."

A Kaduna na gwada shafin, inda sabis yake da ƙarfi, kuma nan kuskurena yake. Na rage faɗin kowane hoto zuwa fiksel 1200, na mayar da shi WebP, nauyinsa ya sauko ƙasa da kilobayit 200. Na sa rubutu ya riƙa bayyana kafin hotuna.

Kawu ya karanta bayan kwana huɗu. Ya ce farashin ya riga ya faɗi.