ARGUNGU: Garin da ruwa ke da sarkinsa

DUK ma'abocin kallon finafinan 'yan Chana ya san gidan ibadar Shaolin na mabiya addinin Buda, masu aske kai ƙwal, musamman a fim ɗin Jet Li na 1982. A Siri Lanka ma, mabiya Buda na garin Kandi kan rufe bikinsu na shekara-shekara a bakin kogi, inda ake tsaga ruwa da takobi. Mu kan saki baki mu na kallon na wasu. To, mai karatu, ka taɓa leƙa Argungu kuwa?

Daga Birnin Kebbi na shiga mota, shinkafa kore shar a fadama. Na fara da Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, wadda aka mayar gidan tarihi a 1958. Ga masu, ga takubba, ga tambura, ga kaburburan sarakuna. Kai, sai da tsigar jikina ta tashi!

Daga nan sai Matan Fada. Ranar da na je ruwan shiru, sai 'yan yara a gefe. Amma nan ne ake gagarumin bikin kamun kifi, wanda ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Wato bikin sulhu ne tun farko.

Al'adar ruwan kuwa ta girmi bikin. Kabawa na da gyaran ruwa da fashin ruwa tun kaka da kakanni. Ba a taɓa kifin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma mutanen gari sun yi amanna shi ke kawar da kadoji. Ko me mutum zai ce, hanin nan na tsawon shekara shi ke sa kifi ya ƙosa.

Da an buga bindiga, dubban masunta su ke rugawa, kowa da komarsa da gorarsa, makaɗa na zuga su daga cikin kwale-kwale. Cikin kamar awa guda an gama. A 2020 giwar ruwan da ta zo ta ɗaya kilo 78 ce!

Abin tsoron shi ne, bikin ya taɓa tsayawa cak na kusan shekara goma kafin 2020, duk da cewa hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Tsofaffin da su ka san sirrin ruwa kuma su na ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka, in ka samu dama, ka je. Ka zauna da su, ka yi tambaya tun su na nan. Gani ya kori ji.