Wasan da Ba a Maimaitawa

A unguwar Gumani ta Tamale akwai wani dattijo, tsohon tela. Duk lokacin da ya ga jikokinsa suna mai da fim baya a waya don su sake kallon wurin da ya ba su dariya, sai ya girgiza kai. A Kumasi ya fara ganin talabijin yana saurayi, ta tagar gidan wani attajiri. A zamanin nan abin da ya wuce ya wuce.

Talabijin ya iso Afirka ta Yamma a 1959, da aka buɗe tashar WNTV a Ibadan. Kaduna ta bi a 1962. A Gana kuwa, Kwame Nkrumah ya buɗe tashar Ankara ran 31 ga Yuli 1965, shekara 30 cif bayan buɗe rediyo a ƙasar. Hoton baƙi da fari ne, akwatin kuma sai mai hali.

Tun da BBC ta fara watsa shirye-shirye kullum a Landan a 1936, kai tsaye ake yin wasan kwaikwayo, gama na'urar ɗaukar hoton talabijin a faifai ba ta shiga kasuwa ba sai a 1956. Ko bayan ta fito, faifan yana da tsada ƙwarai, har tashoshi da yawa sukan goge wani shiri su ɗora sabo a kansa. Saboda haka ɗan wasa yakan tsaya cikin zafin fitilu, ya san dubban mutane suna kallonsa a daidai wannan lokaci. In ya manta maganarsa, ba mai cewa a tsaya a sake. Abokin wasansa ne zai jefa masa kalma da dabara, ya rufa masa asiri. Magana zarar bunu ce, in ji masu iya magana, su kuwa sun san haka fiye da kowa.

Daga wannan makaranta aka sami wasannin da suka tara mutane: Osofo Dadzie da harshen Akan a Gana tun daga 1972, da Samanja na Usman Baba Pategi da Hausa a Kaduna.

Abin baƙin ciki, kaɗan ne ya rage. Abin da ba a ɗauka ba ya tafi da iska, gobarar da ta ci ma'ajiyar GBC a Ankara a 1989 kuma ta haɗiye da yawa daga wanda aka ɗauka. Sauran yana cikin kawunan tsofaffi irin telan nan. Har yau yakan kwaikwayi muryar wani ɗan wasa da ya daɗe da rasuwa, jikokin su yi ta dariya ba su san wane ne ba. Ya kamata wani cikinsu ya zauna kusa da kakan, ya juya wayar nan ta fuskance shi, tun yana da sauran numfashi.