Tsoron Jirgin Sama Da Maganinsa

Tsoro iri iri ne. Akwai wanda mutum kan faɗa a bainar jama'a ba ya jin kunya, kamar tsoron maciji ko na gobara. Akwai kuma wanda ya kan ɓoye, ya yi ta cinsa kamar gara cikin azara, waje lafiya lau, ciki kuwa ya zama gari. Tsoron shiga jirgin sama yana cikin irin na biyun nan. Sau da yawa a kan ga babban mutum, mai iyali da kwarjini, ana saura kwana kaɗan ya yi doguwar tafiya, mutane na zuwa yi masa murna yana amsawa da fara'a, alhali kuwa abinci ya daina yi masa daɗi, barci ya ƙaurace wa idonsa.

Haka ta faru ga wani dattijo manomi a wani ƙauye na ƙasar Kano. Shekara da shekaru yana tara kuɗin zuwa Makka, in ya sayar da amfanin gona ya ware wani abu, in ya yi kiwo ya ware wani abu, har Allah Ya cika masa. Da girmansa ya shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ran da aka kafa sunayen maniyyata shi da kansa ya karanta nasa, ba wanda ya karanta masa. Ya komo gida yana murna. Amma da dare ya yi, ya kwanta, sai zuciyarsa ta ce masa, “To, a cikin me za ka tafi?” Nan take gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa.

Tsoron nan nasa yana da asali. A watan Janairu na 1973, sa'ad da ya ke saurayi, wani jirgi da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a filin jirgin sama na Kano, mutum 176 suka rasu. Akwai mutumin garinsu a ciki. Ya ga yadda aka yi shara, aka yi girki don taryen alhaji, sai ga shi zaman makoki aka yi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun daga ran nan, ko ƙugin jirgi ya ji yana gona sai ya ji ba daɗi.

Ya yi mako biyu bai gaya wa kowa ba. Ya rame, ya zama mai saurin fushi. Daga bisani har ya fara shawara a ransa ya ce ƙafa ce ke damunsa, a bar wa babban ɗansa kujerar. Uwargidansa kuwa ta daɗe da gane inda gizo ke saƙa. Ran nan da ta kawo masa tuwo, ta zauna, ta ce, “Malam, ba ƙafa ba ce. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin ciwon ƙafa ya hana ka barci ba.”

Ya yi shiru, can ya ce, “Jirgin nan na ke tsoro.”

Ta ce, “To, alhamdu lillahi da ka faɗa. Ciwon da aka ɓoye shi ke kisa. Ba kai ka ke ba mu labarin kakanka ba?”

Kakan nan nasa da ƙafa ya tafi, kamar yadda mutanen dā ke yi. Su kan tashi daga Kano su bi ta Barno, su ƙetare ƙasar Cadi, su shiga Darfur, su kai Hartum, sa'an nan su gangara bakin Bahar Maliya su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma ko ƙodago, in an sami wani abu a ci gaba. Waɗansu su kan yi shekara biyar ko fiye kafin su komo, waɗansu ƙishirwa ko cuta ko 'yan fashi su gama da su a hanya, waɗansu kuma su zauna can. Har yau akwai zuriyarsu da yawa a Sudan, kamar a garin Mai Wurno. Kakansa yana cikin waɗanda ba su komo ba. Uwargida ta ce, “Tafiyar da ta ci masa rai, kai tsakanin hantsi da la'asar za ka yi ta. Je ka tambayi waɗanda suka san abin. Matambayi ba ya ɓata.”

Ashe akwai wani tsoho a birni, abokin ƙanensa, wanda ya yi aikin gyaran jirage har ya yi murabus. Dattijo ya shirya ya tafi gare shi. Bayan sun gaisa ya faɗi abin da ke tafe da shi, yana jiran a yi masa dariya. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, “Malam, ba zan ce maka jirgi ba ya faɗuwa ba, don in na ce haka na yi ƙarya. Ka san na 1973. Akwai kuma na watan Yuli na 1991, wanda ya tashi daga Jidda da alhazan Sakkwato, tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu. Amma akwai abin da ba ka sani ba. Duk jirgin da ya yi haɗari ba a barinsa sai an binciko dalili. Kowane babban jirgi yana ɗauke da abin da a ke kira baƙin akwati, ko da ya ke launinsa ruwan lemo ne, yana naɗar maganar matuƙa da halin da inji ke ciki. In an gano dalilin, sai a gyara doka, a gyara ƙira, a gyara horo, a duniya duka. Don haka ne jirgin yau ya ke da na'urar da ke shaida wa matuƙi in ma'ajiyar tayoyi ta ɗau zafi.”

Ya ci gaba ya ce, “A 1903 aka fara tashi da jirgi mai inji, can Amurka, sakan 12 kaɗai ya yi a sama. A 1925 jirage suka fara sauka Kano. A 2019 kuwa fasinja wajen biliyan 4.5 suka hau jirgi a duniya. Waɗanda suka rasu a cikinsu ba su kai dubu ɗaya ba. A kan hanyar mota fa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fiye da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa kowace shekara. A me ka zo nan yau?”

Dattijo ya ce, “A bayan a-kori-kura, bisa buhunan masara.”

Tsohon ya ce, “To, ka riga ka wuce wuri mai wuyar.” Su duka biyu suka yi dariya.

Dattijo ya ce, “Abin da ya fi ɗaure mini kai, yaya ƙarfe mai nauyi haka zai tsaya a kan iska?”

Tsohon ya ce, “Ka taɓa miƙa hannu waje mota na gudu, ka ɗan karkata tafin? Ai ka ji iska na ɗaga shi. To, haka fiffiken jirgi ya ke. Iskar da ka ke gani kamar ba kome ba ce, in an shige ta da gudu sai ta yi ƙarfi kamar ruwa. Jirgi ya kan yi gudun wajen kilomita 250 zuwa 300 a awa kafin ya bar ƙasa, in ya kai sama kuwa, wajen ƙafa 35,000, ya kan yi fiye da kilomita 800 a awa. Matuƙa biyu ne a gaba, kowanne ya iya aikin ɗan'uwansa. In inji ɗaya ya mutu, ɗayan ya isa ya kai shi filin sauka. Ko duka suka mutu ba ya faɗowa kamar dutse, sai ya riƙa saukowa sannu sannu, kamar yadda shirwa ke shawagi ba ta kaɗa fiffike.”

Sa'an nan ya lissafa masa abubuwan da zai ji, ɗaya bayan ɗaya, dattijo kuwa ya fito da ɗan littafinsa yana rubutawa. Da farko inji zai yi ruri ƙwarai, bayansa ya manne da kujera. Bayan an tashi zai ji ƙwam daga ƙarƙashi, tayoyi ne aka naɗe. Can kuma zai ji rurin ya ragu kamar inji zai mutu, alhali matuƙi ne ya sassauta, don an wuce wurin da a ke bukatar ƙarfi duka. Kunnuwansa za su toshe saboda sauyin nauyin iska, maganinsa haɗiye yawu ko hamma. In ya ga bakin fiffike na lanƙwasawa, da gangan aka ƙera shi haka, don abin da ba ya lanƙwasuwa shi ke karyewa. In kuma jirgi ya fara jijjiga, iska ce mai gargada aka shiga, kamar yadda mota ke yi a hanyar da ba kwalta. Abin yi kawai shi ne ya bar bel ɗinsa a ɗaure.

Daga nan ya biya wurin malamin asibitin da ke duba maniyyata. Shi kuma ya ce masa, “Baba, bugun zuciyar nan da gumi da bushewar baki ba ciwo ba ne. Jiki ne ke shirin gudu, don ya zaci akwai abin gudu. In abin ya taso, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, ka yi ta yi har zuciya ta lafa. Ran tafiya ka rage goro da shayi mai ƙarfi, don suna ƙara bugun zuciya. Ka ci abinci kaɗan, ka sha ruwa sosai, ka riƙa motsa ƙafafu, in an ba da dama ka tashi ka ɗan taka, kada jini ya kwanta. Maganin hawan jininka ka sa shi a jakar hannu, kada ya bi manyan kaya. Kada kuma ka karɓi maganin barci daga hannun kowa sai likita.”

Duk da haka, da ya koma gida ya tarar akwai sauran nauyi a ƙirjinsa. Ya zauna ya yi ta tunani, har ya gane ba faɗuwar jirgi kaɗai ke damunsa ba, har da abin da zai bari baya in ta Allah ta kasance. Akwai bashin taki da bai biya ba. Akwai rigimar iyakar gona tsakaninsa da ɗan baffansa, shekara uku ko gaisuwa ba sa yi. Sai ya tashi ya biya bashin. Ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ya mallaka da abin da ya ke bin mutane, ya kira shaidu biyu suka sa hannu. Ran nan kuma da asuba ya je ya yi sallama ƙofar ɗan baffan nan, suka yafi juna, suka je tare suka dasa itace a kan iyakar. A daren nan ya yi barci har sai da ladan ya tashe shi.

Ran tafiya tsoro bai fasa zuwa ba. A sansanin alhazai, da aka fara kiran suna, sai da gwiwoyinsa suka yi sanyi. Amma ya hau, ya sami kujerarsa ta wurin karanta lambar, ya ɗaura bel, ya ɗauki takardar da ke aljihun kujera mai nuna ƙofofin fita ya duba ta sarai, ya yi addu'arsa. Inji ya yi ruri, ya ce a ransa, na ɗaya ke nan. Ya ji ƙwam, ya ce tayoyi ne. Rurin ya ragu, ya ce matuƙi ya sassauta. Kowane abu ya zo a kan layinsa kamar yadda ya ke a littafin.

Sun yi nisa sai jirgi ya shiga gargada, ruwan da ke cikin kofi ya fara tangaɗi, salati ya tashi ko'ina. Wani saurayi da ke kusa da shi ya cafke masa hannu, jikinsa na ɓari, ya ce, “Baba, shi ke nan, mun halaka!”

Dattijo, wanda nasa gaban ma faɗuwa ya ke yi, ya ce, “Haba, ɗana, hanya ce ba kwalta. Dubi ma'aikatan can, ka ga alamar firgita a fuskarsu? Ja numfashi tare da ni.” Suka yi ta ƙirga huɗu da shida. Kafin iska ta lafa, dattijo ya lura garin kwantar da hankalin yaron nasa ya kwanta. Bayan wajen awa biyar da barin Kano suka sauka lafiya, ya matsar da agogonsa gaba da awa biyu, don haka lokacin can ya ke.

Abin lura a nan, tsoro ba ya jin tsawa, ba ya kuma jin a ce masa ba kome. A cikin duhu ya ke girma, rashin sani kuwa an ce ya fi dare duhu. Saboda haka duk wanda doguwar tafiya ke gabansa, zuciyarsa kuwa ta ƙi kwanciya, ya fara da faɗa wa wani na kusa da shi. Sa'an nan ya tambayi masana abin, ya rubuta amsar, tun da Allah Ya sa ya iya rubutu. Ya gyara tsakaninsa da mutane, ya kula da jikinsa, sauran kuma ya bar wa Mai duka, gama dogara ga Allah ba ta hana shiri. In bayan wannan duka akwai ragowar faɗuwar gaba, kada ya ga kamar ya gaza. Jarumi ma yana jin tsoro, bambancinsa da rago shi ne ba ya barin tsoron ya zaɓa masa hanya.