Sunan Makaranta Ba Ya Busar da Wake

Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ɗauka, unguwarmu a Dawanau sai ka ce ana sallah. Ban ga laifin jama'a ba. Tun da aka kafa jami'ar a 1962, duk yaron da ya samu shiga akan ɗauka ya riga ya zama mutum. Ni ma haka na ɗauka, kuma daga nan na fara tuntuɓe.

Aikin gona na karanta a Samaru, inda cibiyar binciken da ke fitar da ingantaccen irin wake da dawa take. Ga malamai, ga gonakin gwaji, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Amma ni da abokaina hira muka fi bai wa ƙarfi. Sai jarrabawa ta matso mu haddace darussa, mu juye a takarda, mu manta. A ganinmu sunan jami'ar kaɗai ya isa ya buɗe mana kowace ƙofa.

Da na zo hutu a shekarata ta uku, sai tafiyar ta'aziyya ta kama baffana. Shi dillali ne a kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda fatake ke zuwa tun daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ya danƙa mini kuɗi, ya ce idan wake ya shigo in saya masa buhu arba'in, tunda ga masani a gida.

Da waken ya iso, yaron shagonsa, wanda ko firamare bai gama ba, ya cusa hannu cikin buhu, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya ce, "Yaya, wannan bai gama bushewa ba." Na harare shi, na yi masa Turanci, na biya kuɗi.

Bayan 'yan makonni aka buɗe sito. Waken ya yi fumfuna, ƙwari sun cinye saura. Kusan rabi ya tafi, alhali da ribarsa Baffa ya yi niyyar yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, sunan makaranta ba ya busar da wake."

Abin da ya fi ci mini rai, da na koma Zariya na buɗe littafina, sai ga darasin danshin hatsi da ajiyarsa, rubuce da hannuna. Har maki mai kyau na ci a kansa.

Mai karatu, jami'a ta ba ni abin da ya kamata, ni ne na ɗauki suna na bar ilimin. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Hutun da ya biyo baya a gindin yaron nan na yi shi, yana koya mini cizon wake.